Ƙanƙancewa

Shaddar da na yanko a Kwari,
wanki ɗaya, ta ƙanƙance.
Ɗanjummai tela ya ce halin ruwa ne,
ni na ce awonsa ne ya kauce.

Ƙosan Uwani na Mandawari,
da loma biyu ne, yau ɗaya ya wuce.
Kududdufin bayan gidanmu,
shaguna sun cinye, kwaɗi sun ƙaurace.

Sai Baba.
Shi da muryarsa ke cika zaure,
ga shi a tabarma kwance,
rigarsa ta yi masa yawa,
babu ruwan wanki a wannan zance.

Na ce, "Baba, ka ƙanƙance."
Ya yi dariya har hula ta suɓuce.
"Shekara saba'in ina koyon ƙanƙan da kai,
jiki ya riga ni iyawa," ya ce.