Daren Asabar a Kusiri

Janareto ya mutu sau uku,
sai Ashta ta kunna fitilar ƙwai.
Da buhunan agaji muka ɗinka labule.

Bishara ya fito a Janar,
marafan kwalba reras a ƙirji,
yana ba akuya oda.
Wani soja a bencin gaba
dariya ta mantar da shi hannunsa ɗaya ne,
ya yunƙura zai tafa.

Can ƙetaren kogi Injamena ta yi tari,
kwanon rufi ya amsa.
Mai garaya bai ɗago ba,
ya dai ƙara wa kiɗan wuta.

Kuɗin ƙofa dala biyar,
ko sabulu, ko labarin wanda ya tsira.
Innata sabulu ta miƙa.
Labarin yayana bai hayo kwalekwale ba tukuna.