Ɗigo-Ɗigo

Likita ya ce wata shida,
wataƙila bakwai, kafin ƙafar hagu ta sake jin magana.
Muka tura babur ɗin Baba cikin soro,
muka lulluɓe shi da tsohon bargo,
ya tsaya gefen buhun gawayi, shiru, kamar baƙo a gari.

Sati biyar ban waiwaye shi ba.
Ran Laraba Baba ya ce, da bakin nan da ya karkace,
"Sabi'u, danna min hon in ji."
Na danna. Wani ɗan kuka ya fito,
irin na ɗan akuyar da aka haifa da asuba,
daga nan ko tari.
Baba ya juya fuskarsa bango. "Ya fara mutuwa," ya ce.
Ban tambaya ba, kansa yake nufi ko batiri.

Na hau a-daidaita zuwa Ƙofar Ruwa.
Yaron shagon farko ya jawo wata caja mai nauyin dutsen niƙa,
ja jawur, da allura mai rawa a goshi.
"Wannan, ko tirela ce, awa biyu ta tashe ta."
Har na fara lalube aljihu,
don ni ma abin da nake so ke nan: komai ya miƙe da sauri.

Sai wani dattijo a kan benci,
Malam Ɗanliti mai wayarin, hannu duk tabon asid,
ya ce, "Me batirin ya yi maka?
Na babur cikinsa cikin jinjiri ne.
Ka ɗura masa amfiya goma, ya tafasa,
ya kumbura kamar fanke,
jibi ka dawo kana cewa an yi maka asiri."

Ya shiga ciki, ya daɗe yana motsa kwalaye,
ya fito da wata 'yar aba
da ba ta wuce sabulun wanki ba.
"Bolt sha biyu. Amfiya ɗaya ma ba ta cika ba.
In ya ƙoshi ta janye hannu,
in ya ɗan rame ta miƙa masa loma.
Na uku kuma, shi ne namu na Kano:
in an ɗauke wuta an kawo, da kanta take koma wa aiki,
ba sai ka tashi tsakar dare kana laluben wani wuri."

Na ce ta yi tsada ga ƙanƙantarta.
Ya ce in je in tambayi miya girman gishiri.

Ja a kan ja, baƙi a kan baƙi, haka ya ce,
a bar masa iska, a raba shi da murhu.
Na yaye bargon, na kai gawayin bayan ɗaki,
na maƙala. Ɗan ido ja ya buɗe a duhun soro.
Sai na tuna ledar ƙarin ruwa a asibitin Nasarawa,
yadda na tsaya a kan nas ina roƙo
ta ɗan ƙara buɗe ta,
ta dube ni ta saman tabarau, ba ta ce komai ba,
ruwan ya ci gaba da sauka ɗigo-ɗigo,
ba ruwansa da wani buri.

Yanzu kullum bayan Asuba
Baba yana matsa ƙwallon roba sau ashirin,
ya yi taku uku da sanda, wata rana huɗu,
jiya biyu kawai, ya zauna yana huci.
Sannan ya ɗaga murya: "Wace kala?"
In leƙa soro in ce, "Kore."
Ran da babu wuta in ce, "Tana jira."

Juma'ar nan ya sake cewa in danna.
Kajin Inna Hansatu suka watse har kan katanga.
Ya yi dariya da rabin fuska,
ɗaya rabin yana nan yana nazari.

Tayar baya ta fara saki, na gani.
Man da ke tanki ma an ce lalacewa yake.
Makulli na rataye a ƙusa, sama da kalandar bara,
ban san hannun wa zai fara sauko da shi ba.
Abin da na sani,
a soron gidanmu a Gwammaja
akwai wata 'yar aba mai ido ɗaya
da ta fi ni iya haƙuri.