Tamanin da Bakwai

A shagon Tanimu, bayan Bab Sharif a Jidda,
na jona wayata tana kan uku.
Kafin shayina ya huce
ta kwankwaɗi hamsin, kamar mai buɗa-baki.
Bayanta ya ɗau zafi, na tuɓe mata riga.

Daga tamanin sai yanga:
kurɓi ɗaya, ta tsaya, ta numfasa.
Tanimu ya ce, "Ƙyale ta.
Tulu in ya kusa cika, a hankali ake zuba masa.
Mai haɗama ce ke kumbura."

Na tuna shekarata ta farko a nan,
aiki uku, barci kaɗan,
riyal na shiga, jiki na ƙuna.
Yau gwiwa ta hana ni hawa bene.

Tamanin da bakwai. Na zare.
Ya isa in ji muryar Kuluwa.