Tashar da Ke Cikin Jini

Shekara talatin Baba Mantau ya yi a tashar Daura,
benci ɗaya, dalbejiya ɗaya,
yana karɓar saƙon mutane:
ƙullin daddawa zuwa Mashi,
kuɗin makaranta a ambulan zuwa Mai'aduwa,
takalmin jariri, ƙafa guda, da aka bari a gidan suna.
Sunansa Mantau,
amma ko allura ba ta taɓa kwana a hannunsa ba.

Yanzu allura ce ke kwana kusa da filonsa.
Suga ta kama shi bara waccan.
Ya yi sallama da shayin Ɗan'iya mai kauri,
ƙafarsa ta hagu ta koyi mantuwa,
ya taka ƙusa a Ƙofar Guga
bai sani ba, sai da silifa ta jiƙe.

Ni ce 'yarsa mai aikin dare a ɗakin gwaji.
Inji ya juya jini, masu nauyi su kwanta,
ruwa ya taso rawaya kamar man gyaɗa.
A tsiyaye, a sake juyawa, a sake,
in wuta ba ta ɗauke ba.
Can ƙasan kwalba sai a bar mini
abin da ido zai rantse babu.
Eksozom, haka muke kiransu.

Ran Juma'a na kai masa faten wake.
Ya ce, Saude, wai me kuke tono a jinin mutane?

Na ce, Baba, tasha ce a jikinka.
Kowace ƙwaya tana yagar ɗan gefen zaninta
ta ƙulle saƙo, ta jefa wa jini.
Jera ɗari biyar, da ƙyar su kai kaurin gashi.
A cikin ƙullin akwai 'yar wasiƙa,
maikro-RNA,
harafi ashirin da 'yan kai.
Ba ta gaisuwa, ba ta tambayar iyali.
In ta isa, magana ɗaya ce a bakinta:
wane, yi shiru.

Kitse kan rubuta wa hanta da tsoka:
in insulin ya yi sallama, ku yi kamar ba kwa nan.
Sai suga ta tsaya cirko-cirko a hanya
kamar fasinjan jajiberin salla,
ga gida ana hange, ba mai buɗewa.
Ƙoda tana sako nata a fitsari
tun kafin kukanta ya fito.
Ciwon daji ma yakan aika gaba,
a share masa masauki a garin da bai je ba tukuna.

Ya ajiye cokali.
To a tare motar mana, in ji shi.

Na ce, a mota ɗaya ake loda su,
da mai kashe kasuwa, da mai ce wa gyambo ya haɗe baki.
In ka tare duka, ka tare har da alheri.
Mu ma haɗa baƙi muke yi har yanzu,
ba zan ce maka magani ya zo ba.

Ya daɗe yana kallon yatsun ƙafarsa
kamar maƙwabtan da suka daina gaishe shi.
Shekara talatin, ya ce,
ban taɓa kwance ƙullin wani ba.
Ke kuwa da shi ake biyanki.

Sai ya naɗe hannun riga.
Kwance nawa. Na yafe.
In kin tarar da mugun labari, kar ki sa masa zuma,
an hana ni.

Yau ƙarfe biyu na dare, Katsina ta yi tsit,
sai janareta da wani kare can wajen ganuwa.
Kwalbarsa ba suna, lamba ce kawai,
amma na san ta.
Na riƙe ta da hannu biyu
yadda na ga yana karɓar ambulan
daga tsohuwar da ba ta iya rubuta adireshi ba.