Rai na Bakwai

A bayan rumfar Brunilda mai kifi na tsince shi,
ƙarƙashin kwandon da aka kife,
ruwan Yuli na zuba kan Valparaíso, sanyi har ƙashi.
Ido ɗaya ya liƙe da kwantsa,
ɗayan ya yi mini kallon mai bin bashi.

Brunilda ta ce, "Eladio, rabu da shi.
Shekara goma sha biyar yana sata a nan,
tun uwata na riƙe da wuƙar nan.
Kwanansa ya ƙare."
Na ce to. Na tafi har bakin titi.
Na dawo.

Na naɗe shi a kwat ɗina, ya kai mini cizo,
sai dasashi na ji, da ɗan ɗumi.
Matattakala ɗari da arba'in da biyu
tsakanin kasuwa da ƙofata.
Shekara talatin na yi ina jan motar igiya sama da ƙasa,
ina kai mutane kan tudun nan a zaune,
yau ta lalace, gwiwoyina ke biyan kuɗin mota.
Sau huɗu na huta.
Bai kai nauyin burodi biyu ba, amma sau huɗu na huta.

Likita Ximena ta ƙirga haƙora: uku.
Ta taɓa ciki, ta ce ƙoda ce.
"Wata biyu, uku in da rabo.
Rai bakwai aka ba su, wannan na bakwan yake ci."
Na ce ni ma, likita, ban san na nawa nake ci ba.
Ba ta yi dariya ba. Ta rubuta magani.

Na saya masa katifa, ya ƙi ta.
Ya haye kujerar keken ɗinki,
kan suwaitar Herminia da ban taɓa ba shekara uku,
ya juya sau biyu, ya kwanta.
Na ɗaga murya, "Sauka!"
Muryar ta dawo mini daga bango,
na tuna rabon da in yi wa wani tsawa a ɗakin nan
tun tana da rai.
Na bar masa.

Kifi dafaffe, a murje da cokali.
Ƙwaya a ɓoye cikin man shanu.
Ya lashe man, ya lumshe ido kamar mutumin kirki,
ranar shara na tarar da ƙwaya goma sha ɗaya
a jere bayan tukunyar gas.
Ɓarawo ko ya tsufa, hannu bai manta ba.

Ya daina lasar jikinsa, ni ke taje shi.
Yana fitsari kusa da akwatin yashi, ba ciki ba,
na shimfiɗa tsofaffin jaridu, na yi shiru,
don ni ma sau uku nake tashi da dare.
Mukan haɗu a duhu, kowa da larurarsa.

Jiya ɓera ya bi ta gaban hancinsa.
An ce mage mai kwanciyar ɗaukar rai,
wannan kwanciya ce kawai.
Ya bi shi da ido ɗaya har rami,
ya yi hamma.

Wata biyar ke nan. Rana ta dawo kan taga,
jiragen ruwa na busa ƙaho a tasha,
in na sa kunne a haƙarƙarinsa
sai in ji gurnani, tsohon inji mai tari kafin ya tashi.

Ran Asabar aka ƙwanƙwasa ƙofa.
Brunilda ce, tana haki, ta dafa bango,
kan kifi uku a naɗe cikin takarda.
"Ɓarawon nan bai mutu ba?"
Na ce bai mutu ba.
Ta ce, "Matsa, in zauna. Ɗora ruwan shayi.
Kuma cire masa ƙaya tukuna, ba shi da haƙori."