Tudun Ƙarfe Uku

Mu huɗu aka ɗaure da igiya ɗaya,
aka ce ni zan riƙe bakinta.
Farfesa Sutisna ya ba mu mako goma sha biyu:
ku ƙera abin da zai faɗa wa gida
yawan wutar da yake sha, da sa'ar da yake shan ta.

Bandung na juye ruwanta kowace la'asar,
mu muna hawa na uku, ɗaki mai ƙaurin dalma.
Euis ta iya lissafi, haƙuri ne bai zauna mata ba.
Ketut na haɗa waya
kamar mai cire ƙaya daga ƙafar jariri.
Tigor kuwa, kujerarsa ce ke zuwa taro.

Na zana jadawali a bango, gida-gida,
kowa da launinsa.
Na Tigor kore ne.
Tun mako na huɗu koren bai motsa ba.

Allon farko ya ƙone ranar wata Talata.
Ƙara ɗaya, tas, da ɗan siririn hayaƙi,
kuɗin cefanen wata ya bi iska.
Euis ta ce Ketut ne, Ketut ya ce zanen ne,
ni na ce a tashi a ci taliya.
A rumfar bakin ƙofa na gane shugabanci:
rabinsa biyan kuɗin shayi,
rabinsa haɗiye maganar da ta iso maƙoshi.

Na biyu ya rayu.
Muka kai shi gidan hayar Ibu Nengsih,
mai ɗalibai tara, har da Tigor,
muka maƙala shi jikin babbar waya
kamar kaska mai sauraron jinin gida.
Tana tsaye da tsintsiya ta ce,
"In zai nuna mai cinye mini kuɗin mita, ku bar shi nan."

Kwana bakwai muna karanta gidan.
Ga firij, yana numfashi yana hutawa.
Ga tukunyar shinkafa da sassafe,
ga injin ruwa da tarinsa.
Sai wani tudu da ƙarfe uku na dare,
ya hau, ya sauka, ya sake hawa,
har ladan ya kira assalatu.

Euis ta ce kuskure ne.
Ketut ya sake awo har sau biyu.
Tudun na nan daram.

A aljihuna akwai takarda zuwa ga farfesa,
layi uku, sunan Tigor a na tsakiya.
Na ce bari in ga tudun nan tukuna.

Na kwana a baranda, sauro na karɓar haraji.
Ƙarfe uku, haske a ƙarƙashin ƙofar ɗakin wanki.
Tigor ne, da dutsen guga,
da tulin rigunan mutane, kowace da lamba a wuya.
"Kuɗin zango," ya ce, bai ko ɗago ba.
"An sayar da babur a gida, bai kai ba."

Ban san me shugaba ke cewa a nan ba.
Na kama hannun rigar, na ja masa ya miƙe.

Na mai da taro bayan magariba.
Euis ta yi mita kwana biyu, ta haƙura.
Na'ura dai ba ta iya rufa asiri,
dole muka gaya wa Ibu Nengsih.
Ta yi faɗa har maƙwabta suka leƙo,
sannan ta sauke labulenta duka ta ce a goge.

Koren ya motsa, amma da ɗingishi.
Ƙararrawar gargaɗin da muka yi alkawari
ba mu gama ta ba har yau.

Ranar gabatarwa farfesa ya ɗora alli kan tudun.
"Wannan fa?"
Tigor ya ce, "Dutsen guga ne, malam."
Ya dube mu, mu huɗu a jere,
rigunanmu da kari kamar bakin wuƙa.
Ya gyara tabarau.
Ya ce a wuce shafi na gaba.