Ƙugiya

Daga Farin Gada zuwa Taminus
ban karanta komai ba, kallo na yi.

Harafin banki siriri ne, ya sha aski,
ya tsaya ƙyam yana jiran a gaishe shi.
Na kemis ja ne, kakkaura, ba ya dariya.
A bayan tifar da ta tare mana hanya
"Sai Haƙuri" ya yi wutsiya, ya murɗe gashin baki,
wasulansa sun ƙoshi da fenti.

Hannun Tanimu ne, na gane.
R ɗinsa kullum yana miƙa ƙafa
kamar mai tsallake kwata a Dilimi,
S kuwa ya karkata, don shi ma
tun faɗowarsa daga tsani a karkace yake tafiya.

Yanzu inji ke buga alluna.
A ƙofar wani otal na ga
"Maraba da baki",
ƙugiyar ta faɗi a hanya,
baƙi sun koma mashigar tuwo.

Na tsaya cikin sanyin nan na Jos,
na laluba aljihu, ko alli babu.
Da yatsa na mayar wa harafin lanƙwasarsa,
mai gadi yana ta kallona.